Manomi a cikin jirgi marar inji: yadda na sami kulob ɗin masu shawagi

Rana ta take tsaka, ina gyaran shingen da shanu suka karya a kusurwar gona, sai na ji wani sauti a bayana kamar ana yaga dogon ƙyalle a hankali. Babu rugugin inji a cikinsa ko kaɗan. Ina waigawa sai ga wani farin abu mai dogayen fukafukai ya tsallake itatuwan iyaka, ya yi ƙasa-ƙasa, ya taɓa tsakiyar gonar da na girbe mako biyu da suka wuce, ya gangara kamar taku ɗari, ya tsaya, sannan ya kwantar da fiffike ɗaya a ƙasa kamar tsuntsun da ya gaji. Na yar da guduma na sheƙa, don na ɗauka hatsari ne. Kafin in isa an ɗaga murfin, wata yarinya sa'ar 'yata ta fito tana kwance ɗamarar kafaɗa.

"Baba, ka yi haƙuri, na sauka a gonarka ba izini. Iska ce ta ƙare mini."

Maganar ta ɗaure mini kai, don a lokacin iska na kaɗawa har tana kwasar karmami. Ta ce ba wadda ke bi ta gefe take nufi ba, wadda ke tashi sama ce ta rasa. Tun tana can sama ta zaɓi gonata a cikin gonaki masu yawa: doguwa ce, ba tudu ba kwari, an kwashe amfanin, babu dabba a ciki, babu wayar lantarki da ta gitta. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada in bar shanu su shigo, don suna da son lasar jirgi da goga jiki a fukafukansa. Kafin rana ta faɗi mutum uku suka zo da wata doguwar tirela siririya, suka zare fukafukan ɗaya bayan ɗaya, suka zura komai a ciki. Suka tambaye ni ko an yi ɓarna, muka zaga tare, ba mu ga komai ba. Da za su fita suka ja ƙofar shinge suka ɗaure ta daidai yadda suka same ta. Duk mai kiwo ya san nauyin wannan. Daga nan na fara ganin mutuncinsu, kuma shi ya sa bayan wata shida na yarda na sa ƙafata a jirginsu.

Shekarata 54, kuma in an ɗebe 'yan shekarun makaranta, a gona na yi su duka. Tatsa kafin gari ya waye, ba maruƙa ruwa, duba kofaton tumaki, gyaran famfo, gyaran shinge, gyaran abin da aka gyara bara. Nakan ɗaga kai in dubi sama sau ashirin a rana, amma tambayata ɗaya ce kullum: za a yi ruwa ko ba za a yi ba? Ban taɓa shiga jirgin sama kowane iri ba. 'Yata ce ta gaji da jin labarin yarinyar nan a bakina, ta saya mini takardar tashin gwaji a kulob ɗin, wanda ke da nisan kilomita 8 daga gonata. Na rubuta wannan ne don mutum irina, wanda barin aikinsa na yini guda ba ƙaramin abu ba ne, ya san abin da zai tarar.

Bari in fara da inda suka gaza. Sau biyu aka ɗaga mini rana. Ɗagawar kanta ban ga laifinsu ba, don ba a tashi cikin ruwa ko iska mai ƙarfi ko hazo, kuma manomi ba ya jayayya da sama. Lokacin sanarwar ne ya ɓata mini rai. Karo na biyu sai da na roƙi maƙwabci ya riƙe mini garke, na shirya, na kama hanya, sannan saƙon ya shigo. Wayarsu ba a ɗauka sai ranakun da ake tashi. A mararrabar da ake barin babban titi babu allo, na wuce ta na dawo. Ranar da abin ya yiwu kuma, an ce in zo ƙarfe 10, ban bar ƙasa ba sai ɗaya saura kwata, kuma ba wanda ya zo ya gaya mini ni ne na nawa a layi. Wurin jira ba inuwa sai gefen wata tsohuwar bas da suke rubuta tashi da sauka a cikinta. Daga baya na gane dalili: 'yan sa-kai ne dukansu, daga mai koyarwa har mai yankan ciyawa, babu mai karɓar albashi. Wannan ya rage mini fushi, amma bai canza ra'ayina ba. Layi ɗaya a jikin takardar, cewa abin yana cin yini guda, da ya wadatar.

Filin ciyawa ce zalla, tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, an yanke ta ƙasa-ƙasa, kuma na lura an kula da ita fiye da makiyayata. A gefe akwai sanda da wani ƙyalle mai kamar hannun riga, shi ke nuna inda iska ta dosa, don ana tashi ana sauka ne ana fuskantar iska. Ba a barin ka ka zauna zaman baƙo. Cikin rabin sa'a na sami kaina ina tura jirgi tare da mutum huɗu, an nuna mini inda ake dafawa da inda ba a taɓawa. Dokar farko da aka ba ni ita ce kada in taka igiyar da ke kwance a ciyawa, wadda inji ke jan jirgi da ita ya tashi, ko in tsallake ta, ta biyu kuma in dubi sama kafin in ƙetare fili, don jirgin da ke saukowa ba ya yin ƙarar da za ta gargaɗe ka. Kafin mutum ɗaya ya tashi sai an sami mai riƙe fiffike, mai ba da alama, mai tuƙa injin jan igiya, mai rubuta lokaci, da mai zuwa da mota ya jawo igiyar ta dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan ya sa wurin bai yi mini baƙunta ba. Yaron da ya riƙe mana fiffike shekararsa 15, ya riga ya tashi shi kaɗai. Na ɗauka wasa yake, sai aka tabbatar mini cewa a ƙasashen Turai da Amurka doka ta yarda ɗan shekara 14 ya tashi shi kaɗai a irin wannan jirgi in malaminsa ya gamsu.

Wanda zai tashi da ni dattijo ne, ya girme ni da kamar shekara goma, mai magana a hankali. Ya zaga da ni jirgin yana dubawa yana bayani, irin zagayen da nake yi wa tarakta kafin in shiga gona da ita. ASK 21 sunansa, na kamfanin Alexander Schleicher da ke Jamus, kuma tun 1979 ake ƙera shi don koyar da sababbi. Harafin K ɗin na Rudolf Kaiser ne, wanda ya zana shi. Daga bakin fiffike zuwa bakin ɗayan mita 17, nauyinsa ba kowa a ciki wajen kilo 360, wato bai kai nauyin babban sa ba. Da zaren gilashi da ƙaro aka yi jikinsa, shi ya sa ake yi musu farin fenti, don zafin rana yana raunana ƙaron in launin mai duhu ne. Na shafa fiffiken, santsi kamar ƙwai. Adadin da ya zauna mini a kai shi ne wannan: in iska a kwance take, duk mita ɗaya da jirgin ya sauko yana cin kusan mita 34 a gaba. Wanda ke sama da kilomita ɗaya ke nan yana da tafiyar fiye da kilomita 30 a hannunsa ba tare da ɗigon mai ba.

Aka ɗora ni a sikeli, don kujera ba ta ɗaukar fiye da kilo 110, har da lemar dira da ake goya maka. Mai nauyi ya tambayi wannan kafin a saya masa takarda. Aka ɗaura mini lemar, aka nuna mini marikinta da yadda ake fita in ta ɓaci, ba tsoratarwa ba ɓoye-ɓoye. Aka sa na zazzage aljihuna, wuƙar yankan igiya da makullai da 'yan ƙusoshi, don ƙaramin abu in ya faɗi yana iya maƙalewa a inda sandar tuƙi ke motsi. Baƙo ne ke zama a gaba, malami a baya, kowa da sandarsa da matakan ƙafarsa. Zaman kamar kishingiɗa ne, ƙafafu a miƙe, kafaɗu suna taɓa bango. Kowane mariƙi da launinsa: rawaya na sakin igiya, shuɗi na birkin iska, ja na jefar da murfi.

"Malam, rawaya da shuɗi da ja nawa ne yau," in ji shi. "Kai dai ka ɗora hannuwanka a kan ɗamara har sai na ce maka."

Injin jan igiyar yana can ƙarshen fili, da kyar nake hango shi. Yaron ya maƙala igiya a cikin jirgin, ya je ya ɗaga fiffike ya daidaita. Na ga igiyar tana jan ciki a ciyawa kamar maciji har ta miƙe. Sai aka fizge mu. Ban taɓa jin irin wannan ja ba, ko a mota. Bayana ya manne da kujera, taya ta yi ƙara a ciyawa na 'yan daƙiƙoƙi, sai ƙarar ta ɗauke, hancin jirgin ya ɗaga har ƙafafuna suka fi kaina tsawo, babu abin da nake gani a gaba sai shuɗi. Na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Dattijon yana ta magana a bayana da muryar da ya zaga jirgin da ita: "Mita 200. Lafiya lau. Dubi gefen hagu, kada ka dubi gaba." Na duba, filin ya koma kamar tabarma. Bai kai minti ɗaya ba muka kai mita 400, hancin ya kwanta, na ji ƙas a ƙarƙashina, igiya ta tafi.

Shirun da ake faɗa ba cikakken shiru ba ne. Akwai shuuu na iska a jikin murfi, kamar wanda ake ji a gonar hatsi da yamma. Amma muna magana ba ɗaga murya, kuma ba abin da ke karkarwa.

Tashin farko minti shida ne kacal. Muka zaga, ba mu sami komai ba, ya daidaita da fili, ya ja shuɗin mariƙi, wasu alluna suka fito a saman fukafukai, muka sauko kamar ana zuro mu da igiya, taya ta taɓa ciyawa. Na fito ƙafafuna suna rawa, zuciyata kuma ba ta ƙoshi ba. A nan kulob ɗin ya yi abin da ya wanke laifin safiya. Ƙa'idarsu ita ce in tashin gwaji bai kai minti 10 ba, suna ƙara na biyu ba ƙarin kuɗi. Dattijon ya dubi yamma ya ce in ba shi sa'a ɗaya da rabi.

Wannan jiran na biyu ban ji shi ba, don a cikinsa na fahimci maganar yarinyar nan. Muka zauna a inuwar fiffike ya tambaye ni, in na taka gona ba takalmi da tsakar rana, ina ne ya fi ƙuna. Na ce busasshiyar huɗa, sai turɓayar hanya, sai gonar da aka girbe. Fadama da makiyaya mai ɗanyar ciyawa kuwa da sanyinsu. Ya ce to na riga na san rabin karatun. Rana ba iska take dafawa kai tsaye ba, ƙasa take dafawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Inda ƙasa ke da laima, zafin yana ƙarewa ne wurin busar da ruwa. Inda ta bushe, iskar takan yi ɗumi, ta yi sauƙi, ta taru har ta ɓalle ta tashi kamar ginshiƙi. Ni hucin ƙasa na kira shi, ya ce sunan ya yi. Guguwar da ke murɗa karmami a gona bayan girbi, gindin irin wannan ginshiƙi ce ake gani da ido. Yayin da iskar ke hawa tana hucewa, wajen digiri ɗaya a duk mita 100, har ta kai inda laimar cikinta za ta zama gajimare. Shi ya sa fararen gizagizan nan masu kamar tulin auduga gindinsu ke shimfiɗe a tsawo ɗaya, kamar an yanke su da wuƙa. Shekara hamsin ina kallon gindin nan a shimfiɗe ban taɓa tambayar dalili ba. Shirwa da ungulu da ke kewaya ba sa kaɗa fiffike kuma, a cikin ginshiƙin suke zaune yana ɗaga su.

Ya ce daga tsuntsaye aka koyi abin tun asali. Otto Lilienthal, Bajamushen da ya fara tashi da fukafukan da ya ƙera a 1891, dangin shamuwa ya daɗe yana nazari, ya yi tashi wajen 2,000 daga kan tuddai kafin faɗuwar da ta yi ajalinsa a 1896. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ɗaure wa Jamus hannu a kan jirage masu inji, sai matasansu suka koma kan tudun Wasserkuppe suna gasar shawagi tun daga 1920, kuma a gindin wannan tudu kamfanin da ya ƙera jirginmu yake har yau. Bai ja labarin ba. Yana cikin magana ya nuna da haɓa: gizagizai uku sun fito a yamma, gindinsu ya fara duhu.

Karo na biyu fizgar ba ta firgita ni ba, har na iya kallon gefe tun daga ƙasa. Muka saki igiya, ya nufi wata gona da aka huɗe, ja-ja, a busashe, tarakta na aiki a gefenta. Akwai wata na'ura a gabana mai nuna ko hawa ake ko sauka, tana da murya: in ana sauka tana gurnani ƙasa-ƙasa, in ana hawa tana ƙyaf-ƙyaf da sauri kamar 'yan tsaki. Gurnani take ta yi, allurar tsawo tana raguwa, mita 350, mita 320, na fara sallamawa. Sai jirgin ya yi ɗan girgiza, fiffiken dama ya ɗaga da kansa, na ji kujera ta tokare ni daga ƙasa kamar doki ya miƙe da ni.

"Ka ji shi?"

"Na ji, Malam."

Ya kwantar da jirgin dama, wajen fiffiken da aka ture, muka shiga kewayawa. Na'urar ta ɓarke da kuka. Mita 2 a kowace daƙiƙa, wani lokaci 3. Bakin fiffike yana nuna jar gonar nan kamar yatsa, duniya tana juyawa a kansa, gonar tana ƙanƙancewa. A kewaye na biyar ko na shida ya ce in dubi sama ta dama. Shirwa biyu ne, kusa har ina ganin yadda gashin bakin fiffikensu ke buɗewa kamar yatsu, jelarsu tana murɗawa kaɗan-kaɗan. Ba su kula mu ba. Tsuntsun da na sha jifa saboda 'yan tsakina, ga shi muna cin arziki ɗaya, kuma ya fi mu iyawa, don cikin kewaye uku sun bar mu a ƙasa. Wani jirgin kulob ɗin ya hango mu ya shigo ta ƙarƙashinmu, ya kewaya ta hannun da muke kewayawa, don doka ce wanda ya fara shiga shi ke zaɓar hannu.

Gaskiya kewayawar tana tayar da zuciya. Wajen mita 900 na ji miyau na taruwa a bakina, ga zafi a ƙarƙashin murfi kamar ɗakin kwano. Na faɗa masa. Nan take ya miƙe jirgin, ya sa na buɗe 'yar tagar gefe, ya ce in kafa ido a inda sama ta haɗu da ƙasa, in daina kallon allurai. Minti biyu abin ya lafa, ya tambaye ni ko mu koma ko mu sauka, na ce mu koma. Wannan tambayar kaɗai ta isa in yaba masa. A mita 1,200 gindin gajimaren ya matso, toka-toka, da 'yan zare-zare suna lilo, iskar da ke shigowa ta taga ta yi sanyi kamar ta asuba. Ya ce nan za mu tsaya, ba a shiga cikin gajimare.

Sai ya ba ni sanda. Ya ce in riƙe ta da yatsu uku, kada in damƙe. A jikin murfi ta waje an manna wani ɗan jan zaren ulu, tsawon yatsa, wanda na ɗauka ado ne. In ya miƙe sak, jirgin yana tafiya daidai cikin iska. In ya karkata, kana tafe a kaikaice, sai ka gyara da ƙafa. A cikin duk na'urorin nan, shi ne dattijon ya fi yawan ambata. Hannuna ya saba da linzami da sitiyarin tarakta, ya yi nauyi, hancin jirgin ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa, sautin iska yana ƙaruwa yana raguwa. "Sassauta, Malam. Ka bar shi, ya san hanya." Da na sassauta sai ya daidaita. Na yi kwana ɗaya hagu, ɗaya dama, zaren yana ta yawo, amma na yi.

"Ina gonar taka?"

Na daɗe ban gane ta ba. Na saba da ita daga tsawon mutum, ban san siffarta ba. Rufin rumbu ne ya fara ƙyalli, sannan na bi layin itatuwan iyaka, sannan komai ya faɗa wurinsa. Ga shanuna a inuwar babbar bishiya kamar an watsa tsakuwa, na ƙirga su, sun cika. Ga hanyar da suka taka zuwa kwami, siririya, a lanƙwashe, ba ta taɓa miƙewa ba. Ga kusurwar da na gyara shinge. Duk abin da ke hana ni barci, tafin hannuna ya isa ya rufe shi. Amma abin da ya tsayar da numfashina yana cikin gonar da yarinyar ta sauka. Wani layi ne mai duhu, a karkace, ya shigo daga gonar maƙwabcina ta arewa, ya ratsa tawa, ya fita ta kudu ya nufi rafi. A ƙasa ba a ganinsa sam. Tun zamanin mahaifina akwai wurare uku a gonar nan da shuka ke yin rawaya duk shekarar da ruwa ya yi yawa, muna ɗaukar su matsala uku, muna ƙara musu taki. Ashe ɗaya ce. Tsohuwar hanyar ruwa ce da ta cike, ruwan kuma bai manta da ita ba, wuraren ukun duk a kanta suke zaune. Na roƙe shi mu sake kewayawa, ya karɓi sanda ya kwantar da fiffike a kanta sau biyu, ina haddace inda ta shiga da inda ta fita da bishiyoyin iyaka.

Minti 41 muka yi. Da muka sauka, fiffike ya kwanta, ya buɗe murfi, ƙanshin yankakkiyar ciyawa ya shigo, na zauna ban motsa ba har sai da yaron ya zo ya ce, "Baba, sannu da sauka, a taimaka a tura."

To, ko ya cancanci kuɗinsa da yinin da ya ci? A wurina ya cancanta, har da rara. Koyarwarsu da kiyaye lafiyarsu ban ga abin kushewa ba: ana duba jirgi kowace safiya, ana bin jerin dubawa da baki kafin kowane tashi, an dakatar da wani tashi a gabana saboda mutum ya matso kusa da igiya, kuma ba wanda ya yi gunaguni. Karɓar baƙi da sanarwa su ne ke neman gyara. Wanda zai je ya nemi ranar da sama ta yi shuɗi da fararen gizagizai a warwatse, ya roƙi a sa shi bayan azahar, lokacin da ƙasa ta gama ɗaukar zafi. Tashin safe sau da yawa hawa da sauka ne kawai. Ya tafi da ruwan sha da hula marar tsini a ka, don murfin yana kusa da kai. Waya sai mai igiyar rataya a wuya, kuma ni shawarata a bar ta a ƙasa. Suna da hanyar tashi ta biyu, wadda ƙaramin jirgi mai inji ke jan ka a hankali har wajen mita 600. Ta fi tsada, ta fi laushi, kuma ta fi tabbatar da daɗewa a sama. Mai ciwon baya ko mai fargaba ya zaɓe ta. Wanda mota ke sa shi amai ya faɗa tun a ƙasa, za su rage kewayawa. Wanda kuma ke son a karɓe shi a ajiye a kujera a sallame shi cikin sa'a ɗaya, wannan wuri ba zai yi masa daɗi ba.

A jikin bas ɗin an manna wata takarda mai tarihin bajintar masu wannan harka. Na karanta cewa a 2003 Klaus Ohlmann ya yi tafiyar kilomita 3,008 a tashi ɗaya a kan duwatsun Andis na Ajantina, kuma a 2018 wani jirgi marar inji mai suna Perlan 2 ya haura mita 23,000 a ƙasar. Na yi mamaki, amma hankalina yana kan layin nan mai duhu.

Na isa gida tatsar yamma ta wuce da sa'a guda, shanu suna ta kuka a bakin shinge. Washegari na ɗauki turaku da igiya na kafa su daga bishiyar arewa zuwa ta kudu, na haƙa rami uku a kan layin da uku a gefensa. Na kan layin, kafin in kai gwiwa na tarar da yashi da tsakuwa masu santsi, ruwa yana tsattsafowa; na gefe kuwa laka ce busasshiya. Maƙwabcina ya zo ya leƙa, muka yi shawarar lambatu ɗaya da zai ratsa gonakin biyu. Mun kai kwana tara muna haƙa, saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Jiya da azahar ina cikin ramin sai inuwa ta gitta, na ɗaga kai, farin jirgi ne yana kewaya a kan huɗar da na yi ranar Talata, yana hawa. Na kira wayar kulob ɗin da yamma don in sa sunana a karatun mako-mako na bayan girbi. Ba a ɗauka ba, zan sake kira ranar Asabar.